Farin Ruwan da Aka Sa wa Ƙanwata

Ranar da ƙanwata ta yi sadakar samun lafiya na fara jin cewa maganin barcin tiyata iri-iri ne. Kafin ranar, ni dai a wurina barci barci ne: a kwantar da mutum, a kashe masa ji, ya farka ya tarar an gama.

Mu biyu ne mata a ɗakinmu, shekara huɗu tsakaninmu, ni ce babba. Ina koyarwa a wata firamare a Tudun Wada, kuma a unguwar nake aure. Mijina manomin shinkafa ne, ɗan fadama. Ya yi karatun allo ya sauke, ya yi na zaure, amma bai taɓa zama a ajin boko ba. Ita kuwa a Ƙofar Kware take, gidan malamai. Mijinta babban ma'aikacin gwamnati ne, irin mutumin da ko maganin ciwon kai aka ba shi sai ya zaro takardar cikin kwalin ya karanta kafin ya haɗiya.

Ni ciwon dajin mama ya fara kamawa. Ina wanka na ji ƙullutu a hagu, na yi shiru wata bakwai ina shafa man zaitun ina shan rubutu. Da na je asibiti aka ce sai an cire nonon gaba ɗaya. Abin da nake iya tunawa a ɗakin tiyata kaɗan ne: sanyi mai shiga ƙashi, wata mata cikin koren kaya tana sa mini allura a bayan hannu, da wani murfin roba da aka kifa mini a hanci, mai warin sabon silifa. Ta ce in ja numfashi. Na farka ina amai kamar zan fitar da hanjina, ƙanwata tana riƙe mini da kwano tana goge mini baki da gefen mayafinta. Daga nan aka shiga kemo, maganin dajin da ake sawa ta ƙarin ruwa, gashi ya zube, ya sake tsirowa, na koma aji.

Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni ita ma aka ce an ga abu a nata. Asibiti ɗaya, likita ɗaya, har gadon da aka ba ta yana kallon wanda na kwanta. Na zo da kwanona na zauna ina jira. Aka turo ta, ta buɗe ido, ta dube ni ta ce, "Adda, akwai shayi?" Ko sau ɗaya ba ta yi amai ba. Na mayar da kwanon cikin leda ina dariya, na ce dama ita komai nata da sauƙi yake zuwa. A lokacin wasa nake yi.

Nawa ciwon ya dawo bayan shekara biyu da rabi. Wasu 'yan ƙurarraji biyu masu tauri suka fito a kan tabon aikin, kamar an binne wake a ƙarƙashin fata. Aka sake sa ni a kemo. Ina tsakiyarsa, ita kuma aka yi mata hoto da gwaje-gwaje aka ce ba a ga komai ba. Surukarta ta ce sai an yi sadaka. Ƙanwata ta so a ɗaga saboda ni, ni da bakina na ce kada a ɗaga, godiyar Allah ba ta jiran kowa.

Na je ranar da hantsi, na ɗaure kaina da ɗankwali biyu don kada a ga santsinsa ta cikin hijabi. An soya masa, an dama kunu, tsakar gida cike da mata. Ƙamshin mai yana tayar mini da zuciya, sai na koma ɗakin surukar na zauna a kan tabarma kusa da gwaggonmu. Can mijin ƙanwata ya leƙo gaisuwa, ya tsugunna a bakin ƙofa. Gwaggo ta yi masa barka, ta ce Allah ya ba shi ladan ɗawainiya.

Ya ce, "Ai Gwaggo, bayan ikon Allah, har da tambaya. Kafin a shiga da ita sai da na zauna da likitar barci. Na karanta cewa iskar nan da ake shaƙa wa mutum tana raunana garkuwar jiki, shi ya sa ciwon ke samun ƙofar dawowa. Nac ce a sa mata farin ruwan nan na jijiya, mai kama da madara, a haɗa da allurar gefen baya. Haka anka yi."

Ƙanwata tana tsaye bayansa da faranti. Na ga ta taka masa gefen riga. Ya juyo, ya gan ni a lungu, ya haɗiye sauran maganar.

Na ce, "Ni wane iri anka sa min?"

Na riga na san amsar, warin robar nan yana hancina har ranar. Gwaggo ta miƙo mini kunu, na karɓa na ajiye. Ban jira an yi addu'a ba, na ce jiri nake ji, na fita na tari keke.

A gida na tarar da mijina yana gyaran injin ban-ruwa a zaure, hannunsa duk baƙin mai. Ko zama ban yi ba na ce, "Malam, ranar aikina, takardar da kas sa wa hannu, mi ke cikinta?"

Ya ɗago. "Sun gwada min wuri, na sa hannu."

"Ba ka tambayi komai ba?"

"Na tambaya ko za ki tashi. Sunka ce in Allah ya so."

Na ce, "Da ka yi boko da yanzu ina da lahiya."

Sai ya goge hannunsa da tsumma, ya ɗora injin a kan babur, ya tafi fadama. Mutumin da ya yi kwana goma sha ɗaya yana kwana a barandar asibiti a kan buzu, shi na faɗa wa haka. Na san na zalunce shi tun kafin ƙarar babur ɗin ta ɓace, amma ban kira shi ba.

Watannin da suka biyo baya ba na son tuna su, sai dai don su na zauna rubuta wannan. Na daina ɗaga wayar ƙanwata. In ta aiko da abinci a kula, sai in juye wa maƙwabta in wanke kular in mayar. In ta zo da kanta, ina kwance ina kallonta ina ƙirga abin da take da shi. Kitsonta ƙanana, har sun sauko wuya. Girarta. Yadda take ɗaga bokitin ruwa da hannun da aka yi wa aiki, ni kuwa nawa ya kumbura har zobe ba ya shiga. Yadda take maganar baɗi ba tare da ta tsaya ba: baɗi za su je Umara, baɗi babbar ɗiyarta za ta shiga jami'a. Ni kalmar baɗi sai na yi shiri kafin in furta ta.

Tun muna yara ban taɓa jin haushin abin hannunta ba. Ta fi ni haske, ta fi ni gida, ban damu ba, ni na goye ta. Amma wannan ya shige ni ta inda ban zata ba. Da an ce mini ƙaddara ce kawai, da na ɗauka kamar yadda kowa ke ɗauka. Abin da ya hana ni sukuni shi ne tunanin cewa ashe akwai zaɓi, a cikin ɗaki ɗaya, wataƙila a cikin kabad ɗaya, kwalba biyu kusa da juna. An miƙa hannu an ɗauko mata ɗaya, ni an ɗauko mini ɗayar, don ita tana da mai tambaya.

Na shiga binciken waya da ɗan Turancina na malamar firamare. Duk inda na ga an ce iska tana da illa sai in karanta sau uku. Inda aka ce ba a tabbatar ba sai in wuce da sauri. A aji ma ban tsira ba. Wata rana ina koyar da 'yan aji huɗu, na ga madarar da wata yarinya ta zubar a kan benci, na tsaya ina kallonta har yaran suka fara dariya.

Sai wata Talata da safe, ina shirin makaranta, saƙo ya shigo daga wurinta, don ta san ba zan ɗaga kira ba. "Adda, na ji ƙullutu a wurin aikin."

Zan faɗi abin da na ji, tun da na yi niyyar faɗin gaskiya. Daɗi na ji. Bai daɗe ba, bai kai a ja numfashi biyu ba, amma daɗi ne, mai ɗumi, ya taso daga cikina har fuska. Na ji kamar na daɗe ni kaɗai a ɗaki sai ga wani ya turo ƙofa. Na ja hijabi na hau kabu-kabu, ni da rabona da hawa babur tun kafin ciwo.

Na raka ta asibiti, na riƙe mata jaka, na yi mata addu'a da baki. Aka duba, aka yi hoto, aka ce ba komai ba ne, tabo ne ya yi tauri. Ta rungume ni tana kuka, na ce alhamdu lillahi. A cikin keke muna dawowa na kasa kallonta. Na yi ta istigfari a zuci, ina jin kamar wadda ta saci abu a gidan da aka ba ta masauki.

Wannan abin ne ya sa na nemi likitar barci. Na ce ko dai ta tabbatar mini an cuce ni in san ina da dalili, ko kuma in san ni ce kawai na lalace. Ranar da nake da ganin likita na karɓi fayil ɗina, wata nas ta nuna mini benci a ƙofar ɗakin tiyata. Na zauna tun safe har aka yi azahar. Da likitar ta fito ban gane fuskarta ba, don ban taɓa ganinta babu takunkumi ba, muryarta na gane. Ba ta kai ni shekaru ba. Hausarta ba ta nan ba ce, ta gabas ce. Ta zauna kusa da ni, ta cire hula, ta fasa ledar ruwa da haƙori.

Na ce, "Likita, ke kika sa ni barci, ke kika sa ƙanwata. Ita fari, ni iska. Nata bai dawo ba, nawa ya dawo. Ina son ki gaya min gaskiya."

Ta buɗe fayil ɗin ta daɗe tana juya shafuka. Ta ce, "Malama, abin da mijin ƙanwarki ya karanta ba ƙarya ya ƙirƙira ba. An daɗe ana wannan zancen a cikinmu. A ɗakin gwaji an ga kamar iskar tana kwantar da garkuwar jiki na ɗan lokaci, farin kuma bai cika yin haka ba. Mu ma mun so a ce gaskiya ne, don da ya zama abu mai sauƙi da za mu iya yi wa mutane. Amma da aka zo aka gwada a kan mata masu yawa, wasu wannan wasu wancan, aka bi su shekaru, ba a ga bambancin da aka yi zato ba. Ban ce an rufe maganar ba, har yanzu ana dubawa."

"To don mi ba ki sa min farin ba, ko don wataƙila?"

"Iskar ita ce muke sa wa kusan kowa, kuma magani ne mai kyau. Shi farin, in za a yi dogon aiki da shi, sai da na'urar da ke tura shi a hankali. Lokacin aikinki ba mu da ita a ɗakin nan. Abin da na san farin ya fi shi ne, mutum ba ya cika amai in ya farka. Wannan kam na yarda, kin sha wahalar da ita ba ta sha ba."

Na ce, "Wato ba ki iya rantse min cewa ba iskar ba ce."

Ta ce, "Ba zan rantse ba. Amma zan nuna miki abin da na fi zargi." Ta ɗora yatsa a kan wani layi. "Ranar da aka yi miki aiki, ciwon ya riga ya kai kaluluwar hammata. An cire da yawa, an same shi a cikinsu. In ya kai nan, ko da me aka sa mutum barci, yana iya dawowa."

"Ita fa?"

"Fayil ɗinta nata ne, ba zan buɗe miki ba. Ki tambaye ta girman nata ranar da aka gano shi. Ki kuma tambaye ta abin da ya kawo ta."

Aka leƙo aka kira ta, ta mayar da hularta ta shiga.

Ban je wurin ƙanwata ranar ba. Sai da na kwana uku ina jujjuya wata bakwai ɗin nan na man zaitun, waɗanda duk tsawon fushina ban sa su a lissafi ba. Ranar Asabar da la'asar na tafi Ƙofar Kware. Na same ta ita kaɗai tana tsince shinkafa a tire. Ta yi mamakin ganina har ta rasa inda za ta sa ni.

Na ce, "Naki, ranar da anka gano shi, kamar mi yake?"

Ta tsinci wata tsakuwa daga cikin shinkafar ta nuna mini a tafin hannu. "Bai fi wagga da yawa ba. Likita ma bai ji shi da hannu ba, sai a hoto."

"To mi ya kai ki hoto?"

Ta sunkuyar da kai. "Ke. Tun ranar da na riƙa miki kwano. Likitanki ya tare ni a baranda ya ce tun da ciki ɗaya muka fito, in riƙa zuwa ana dubawa. Duk wata shida nake tahiya. Ban gaya miki ba don kar in ƙara miki."

Na zaci in na ji haka zuciyata za ta yi sanyi. Ba ta yi ba. Wani sabon abu ne ya taso, ya fi na farko ɗaci. Na ce, "Wato ni anka yanka don ke ki tsira."

Ba ta musa ba. Ta ce, "Haka nake gani kullum, Adda. Shi ya sa nake aiko da abinci, ban san mi zan yi ba in ba shi ba. Na san maƙwabta ke ci."

Kaji suna ta tsattsagar abin da ta zubar. Sai na faɗa mata abin da na ji ranar Talatar nan. Na faɗa ina kallon ƙasa, ban rage komai ba.

Ta ce, "Na sani."

"Ta yaya?"

"Wata uku ba ki ɗaga wayata ba. Ran nan ko minti ashirin ba a yi ba kin iso, har da kwalli." Ta share ido da bayan hannu. "Na ji zafi. Amma na fi son ki zo a haka da ki ƙi zuwa."

Ban nemi gafara da kalmomi masu kyau ba, ba su zo mini ba. Na jawo tiren gabana muka ƙarasa tsintar tare. Da zan tafi mijinta ya shigo, ya fara ba ni haƙuri a kan maganar ranar sadaka. Na ce ya bari, shi matarsa ya nema wa, kuma ya kyauta.

Na mijina ya fi wuya. Da ya dawo daga fadama na kai masa ruwa na durƙusa, na ce maganar da na yi ranar nan ƙarya ce, likita ta ce ba daga takardar ba ne. Ya sha ruwan ya ce, "Ko daga ita ne, ni dai ban sani ba sannan." Daga baya na lura duk ranar asibiti sai ya sa likita ya maimaita masa komai da Hausa, yana rubutawa da ajami a bayan katina.

Da kemo ya ƙare, ƙurarrajin sun ragu, aka ce za a yi ƙaramin aiki a cire abin da ya saura. Ana gobe aiki da yamma likitar barci ta zo gadona. Ta ce, "Malama, yanzu muna da na'urar. Wanne kike so? Kin dai ji abin da na gaya miki, ban yi miki alkawarin komai ba."

Na ce, "Na ji. Farin nake so."

"Saboda amai?"

"Har da shi. Amma dai ina son in ji abin da ta ji."

Ta yi dariya ta rubuta. Washegari na ga farin ruwan da idona yana bin siririn bututu zuwa hannuna. Yana da zafi in ya shiga jijiya, wannan ba wanda ya taɓa gaya mini. Na buɗe baki zan yi ƙorafi, sai na farka a ɗaki. Ban yi amai ba.

Yanzu ina shan ƙwayoyi kullum, na koma aji rabin yini. Ban sani ba ko ciwon ya tafi ko yana hutawa ne, likitoci ma ba su ce sun sani ba. Kishin kuma bai bar ni gaba ɗaya ba, ya dai daina ɓuya. Ina ɗaga wayarta, ina cin abincinta, kuma in abin ya motsa ina faɗa mata a fuska.

Makon jiya ranar ganin likitanmu ta zo ɗaya, muka tafi tare. Ita aka ce ta dawo baɗi war haka, ni aka ce bayan wata uku. Muna fitowa tana riƙe da katinta a hannu tana fifita da shi. Na ce, "Ki ɓoye wanga katin kar in gani." Ta tura shi cikin jaka ta ja zif, ta karɓi tawa jakar ta rataya, muka fita bakin titi neman keke.